Zaren Gado a Hannun Bustamante: Darasi Kan Fassarar Kimiyya

A zangon karatun da ya wuce an ba mu fassarar wani rubutun kimiyya, sai na yi tuntuɓe da kalmar "ƙwayar halitta". Da ita muke kiran ɗan tubalin da jiki ya ginu da shi, da ita kuma muke kiran abin gadon da ke cikinsa, wato DNA. Ni da na koyi Hausa da girma, abin ya ɗaure mini kai, har na karanta aikin Farfesa Carlos Bustamante.

An haife shi a Lima ta ƙasar Peru a 1951, ya kuma yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda ya koma koyarwa a 1998. Masana da dama sun duƙufa kan saƙon da DNA ke ɗauke da shi. Shi kuwa ya ɗauke shi a matsayin zare, ya tambayi ƙarfinsa. Zare ne kuwa, domin wanda ke cikin tubali guda na jikin mutum ya kai kimanin mita 2 in an warware shi.

A 1992 shi da abokan aikinsa suka kafe bakin sili ɗaya a jikin gilashi, suka maƙala ɗan dutsen ado mai bin maganaɗisu a ɗaya bakin, suka ja, suka auna. A 1996 suka sake gwajin da hasken leza mai riƙe ƙananan abubuwa, wanda na fassara da "hantsakin haske". Da jan ya kai fikoniyutan 65, zaren bai tsinke ba, sai ya miƙe farat ɗaya, tsawonsa ya ƙaru da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Fikoniyutan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na niyutan, shi kuma niyutan kusan nauyin giram 100 ne.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ku dubi kalmomin da suka yi wannan bayani: sili, zare, ja, miƙewa, warwara. Duk na masaƙa ne da masu tufka igiya. DNA ma sili biyu ne aka tufke. Saboda haka na rubuta "zaren gado" a takardata, na bar wa tubalin "ƙwayar halitta". Malaminmu ya ja layi a ƙarƙashinta, ya ce in zo in kare ta a aji.