Gayauna Ita Ce Makarantar Kuɗi Ta Ɗan Manomi

Manoma da yawa sukan koya wa 'ya'yansu riƙon fartanya da huɗa da shuka, amma kaɗan ne ke koya musu abin da za su yi da kuɗin amfanin in ya shigo hannu. Shi ya sa akan ga saurayi gwanin noma ya sayar da wakensa da kaka, kafin watan Maris ba shi da ko na sabulu. Laifin ba na gona ba ne, na rashin lissafi ne.

Mutanen da suna da maganin wannan, watau gayauna. A cikin gandu, 'ya'ya sukan yi aikin gonar maigida tun da safe har azahar, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Sa'an nan yakan yanka wa kowane ɗa 'yar gona tasa ta kansa, wadda zai nome da yamma ko ran hutu. Abin da ya samu a ciki nasa ne. A nan yaro ke fara sanin riba da hasara.

To, ba yanka gonar kaɗai ne koyarwa ba. Uban da ya ba ɗansa iri da taki kyauta, ya kuma nome masa, ya koya masa cewa dukiya daga sama take faɗowa. Abin da ya fi shi ne ya ba shi su rance, a rubuta a littafi, a biya da kaka.

Ga misali. Yaro ɗan shekara 12 ya shuka wake. Uban ya ranta masa iri tiya 2, da taki na kimanin kuɗin tiya 3, da maganin feshi na tiya 1. Bashi ya zama tiya 6. Da kaka aka sussuka aka auna, aka sami tiya 30. Yaro zai ce yana da 30, sai a buɗe littafi a nuna masa 24 ne nasa. Lalle uban ya karɓi shidan nan a gabansa, ko da daga baya zai yi masa wata kyauta. Daga cikin 24 a ware tiya 2 na irin baɗi, a ɗebi 1 a ba mabukaci. Wannan sadaka ce, domin zakkar amfanin gona ba ta wajaba sai ya kai nisabi, amma tun yanzu a gaya masa cewa noman damina ɗaya cikin 10 ake fitarwa, na ban ruwa da wahala kuwa ɗaya cikin 20. Saura 21. A bar shi ya sayar da 6 ya sayi abin da ransa ke so, kada a zaɓa masa. In ya kashe su a banza, ƙaramar hasara ce, kuma ba zai manta da ita ba.

Sauran 15 su ne babban darasi. Da kaka kowa na kai wake kasuwa, saboda haka yakan yi araha, in an doshi bazara kuwa yakan yi tsada. Abin da ke hana ajiya shi ne ƙwaro. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai ruɓi uku a Afirka ta Yamma, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi: leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Jarka mai murfi da aka cika fal ita ma tana yin wannan aiki. Yaro ya rubuta kuɗin tiya ran da ya ajiye, ya sake rubutawa ran da ya sayar. Bambancin da zai gani ya fi wa'azi dubu.

In kuɗin sun zo, kada su daɗe a asusu. A shekarar 1973 da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, fam ɗaya naira 2 ne, kwabo kuma yana sayen abu. Yau ba abin da kwabo ke saye. Kuɗin takarda darajarsu raguwa take yi, amma 'yar akuya haihuwa take yi, ɗan rago kuwa in an kiwata shi yakan yi kuɗi da Babbar Salla.

Sai kuma a ja kunnen yaro a kan bashin tsakiyar damina, wanda ake ci a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a biya da hatsi da kaka a kan araha. Wanda ya saba da shi, gonarsa ta wani yake nomawa.

'Ya mace ma haka take. A ba ta kaza biyu rance, ta riƙa lissafin dusa da ƙwai. Ɗan kasuwa da akawu da ba su da gona su ba yaro ɗan jari ko kiwon kaji a bayan gida, a bisa wannan sharaɗi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maigidan da ke da ɗa ya yanka masa gayauna kafin ruwan shuka ya sauka, ya haɗa masa da littafi da fensir. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.