Darasi: Ko Mutum Yana Iya Zaɓen Allah da Ikon Kansa?

Wannan tambaya ta daɗe a cikin Ikkilisiya. A shekarar 1524 masani Erasmus ya rubuta cewa mutum yana da nasa rabo, komai ƙanƙantarsa, wajen juyowa ga Allah. A 1525 Martin Luther ya amsa masa cewa zunubi ya ɗaure nufin ɗan Adam. Ya kwatanta nufin da dabbar hawa, wadda take bin inda mahayinta ya karkata ta.

Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, wadda Philip Melanchthon ya tsara a 1530, ta raba zancen biyu a sashi na 18. Cikin al'amuran duniya, kamar noma, aure da gina gida, mutum yana da 'yancin zaɓi. Amma ba ya iya ba da gaskiya daga zuciya sai Ruhu Mai Tsarki ya yi aiki ta wurin Maganar Allah. A duba Yohanna 6:44.

Saboda haka, iyaye, kuna iya kai yaro sujada, amma dasa bangaskiya aikin Ubangiji ne. Ku koyar, ku nace da addu'a, kada kuwa ku fid da rai ga ɗan da ya bauɗe.