Mu tare tsatsa tun da wuri

Manoman Dogon Dutsi da Tibiri, ku duba amalanke, babur ko mota kafin ruwan watan Yuni. Tsakuwa da ƙaya suna kwarzane fenti. In ruwa da iska sun taɓa ƙarfen, tsatsa ta kan ci shi har ya huje.

Ga magani:
1. A wanke wurin, ya bushe.
2. A goge tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi haske.
3. A shafa fenti mai hana tsatsa.
4. In ya bushe, a shafa fenti mai launi ɗaya da na jikin, da gashin kaza, sau 2.

A yi aikin a inuwa, ranar da babu ƙura. Ƙaramin gwangwanin fenti ya fi walda araha.

Tambaya: mi ke kawo tsatsa?