Yadda ake haɗa na'urar fitar da hayaƙi don bandar kifi da nama a gida

Yawancin masu haɗa durom ɗin banda a gida ba a wajen yanka ƙarfe suke samun matsala ba, a wajen hayaƙi ne. Wuta ta kama da harshe, kifi ya ƙone ta waje, cikinsa ɗanye, ga ɗaci. Hayaƙin da ake buƙata yana fitowa ne idan itace yana ci a hankali ba tare da harshen wuta ba, a zafin da ke tsakanin digiri 300 zuwa 400 na ma'aunin Selshiyos. Dabarar ita ce a raba inda ake yin hayaƙi da inda abinci yake.

Hanya mafi araha tana buƙatar gwangwanin tumatir babba, da dusar katako, da ƙarfen lantarkin nan da masu gyaran waya ke narka dalma da shi, mai ƙarfin wat 30 zuwa 40. A fara ƙona gwangwanin a wuta har fentinsa da rufin cikinsa su tafi. Sannan a huda shi ta gefe kusa da gindi, a zura bakin ƙarfen, a cika da dusa, a rufe da murfi mai 'yan ƙananan ramuka. Mintuna kaɗan bayan an jona, hayaƙi zai fara tashi. Dole ƙarfen ya zama sabo fil. Wanda ya taɓa dalma guba zai sa wa abinci. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramar inbata ma ta ishe shi idan an ɗauke wuta.

Mai son hayaƙin da zai ɗauki awanni yana iya ƙara ɗan famfon iska na tankin kifin ado. Famfon yana hura iska ta siririn bututu da aka zura cikin wani bututun mai faɗi a saman gwangwanin, iskar kuma ta ja hayaƙin zuwa durom. A guji ƙarfe mai rufin zinki irin na kwanon rufi, domin yana fitar da turiri mai cutarwa idan ya ɗau zafi.

Launin hayaƙi shi ne ma'auni. Siriri mai ɗan shuɗi shi ake so. Fari mai kauri alama ce ta jiƙaƙƙiyar dusa ko ƙarancin iska, kuma shi ke kawo ɗaci. Dusar da ake kwasowa a shagon kafinta kuwa abar tsoro ce, don sau da yawa ta gauraya da ta filawud mai gam da ta katako mai fenti ko maganin gara. Busasshen icen mangwaro ko gwaba da aka goga a gida ya fi aminci.

Sai dai wannan na'ura hayaƙi kawai take bayarwa, ba ta dafa komai. A Turai ana bandar sanyi a ƙasa da digiri 30, bayan an jiƙa kifin da gishiri sosai. A Kano ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura 40 ko a inuwa, kifin da aka bari cikin hayaƙi kaɗai ruɓewa zai yi. Don haka a sa kaskon gawayi a gindin durom, da faranti a samansa don tare kitse kada ya ɗiga a garwashi, a kuma soka ma'aunin zafi a tsoka: kifi ya kai digiri 63, kaza 74, kafin a sauke.