Me ya sa filinka ya koma cikin na maƙwabci a kan taswira?

Wani koke da ake yawan ji daga masu awon fili a Parakou da Djougou na ƙasar Benin shi ne wannan: an auna fili da GPS, turakun iyaka suna nan daram, amma da aka zuba lambobin a kwamfuta sai ga filin ya faɗa gonar maƙwabci. Nan take a ɗora wa na'ura laifi. Galibi kuwa lafiyarta ƙalau. Wajen fitar da bayanan ne aka yi ɓarna.

Kowace lambar wuri tana da tushen awo da aka gina ta a kai, wato datum. GPS da WGS 84 yake aiki. Tsofaffin taswirorin zamanin Faransa an zana su ne bisa siffar duniya ta Clarke 1880, safiyon Najeriya kuma ya saba da datum ɗin Minna. Idan aka karanta lambar Minna a matsayin ta WGS 84, wurin zai kauce fiye da mita 80. Lamba babu sunan datum kamar a ce maka kuɗin kaya dubu biyar ne, ba a faɗa maka naira ko sefa ba. Mai na'urar da aka saita a Najeriya aka tsallako da ita, ya fara duba wannan.

Sauƙin da aka samu shi ne Benin duka tana cikin shiyya ta 31 ta arewa a tsarin UTM, lambarta EPSG:32631. Saboda haka kana iya gane matsala da ido. A Parakou lambar gabas tana wajen 458,000, ta arewa ta ɗan haura miliyan ɗaya. A Djougou ta gabas tana wajen 354,000. Ka ga mai lamba bakwai a gurbin gabas? An juya X da Y.

Sai tarko biyu da ba su da alaƙa da datum amma sun fi shi ɓarna. Parakou tana kan digiri 9 da minti 21 arewa, wato 9.35. Wanda ya rubuta 9.21 ya kai filin kilomita 15 kudu. Excel na Faransanci kuma waƙafi yake sawa a madadin ɗigo, 9,35, kuma fayil ɗin CSV zai iya tsinka lambar gida biyu. Buɗe fayil ɗin ka karanta da idonka kafin ka aika.

A manhajar QGIS, sanya wa fayil sunan tsari daban ne da sauya shi zuwa wani tsari. Na farko lakabi kawai yake canzawa, lambobin ba sa motsi. Fara gaya wa manhajar tsarin da aka yi awon da shi na gaskiya, sannan ka sauya, sau ɗaya, ka adana na asali ba tare da taɓawa ba. GPX da KML kullum WGS 84 ne, kada ka laƙa musu wani suna.

Kafin aiki, tsaya kan turken da hukumar taswira ta IGN ta san lambarsa ka gwada. Idan duk wuraren sun kauce gefe guda da tazara ɗaya, datum ne. Idan sun warwatsu, awon ne. GPS na hannu yakan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, don haka takardar mallaka da za a kai hukumar filaye ta ANDF aikin safiyo mai lasisi ne, wanda zai ɗaure awonsa da tashar GNSS ta dindindin da ke Parakou, ko ta Natitingou idan ta fi kusa.