Rijiya ɗaya, guga da yawa

Kai manomi, ka san rijiyar gari da rani. Ruwa kaɗan, masu ja da yawa. In guga ta yi yawa, kowa laka zai ɗebo. To, haka abin yake cikin gurbin hatsinka.

Kowane tsiron hatsi mai jan ruwa ne. Saiwa ita ce gugarsa. Cikin kara akwai ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. Wasu suna hawar da ruwa da taki daga ƙasa zuwa ganye. Ganye shi ne madafa: da hasken rana yake haɗa abinci. Wasu hanyoyin kuma su kai abincin nan ga zangarniya, ta yi ido.

Mu yi lissafi. A ce gurbi yana da ruwa moɗa 12, kuma kowane tsiro sai ya sha moɗa 4 kafin ya yi zangarniya. In tsiro 3 ne, kowa ya samu 4. In ka bar 12 fa? Kowa moɗa 1. Sai kara siriri, rumbu wayam. Irin wannan lissafi masana suke yi da kwamfuta, suna sa ruwa da taki da yawan tsiro, su ga abin da gona za ta bayar. Shi ya sa malaman gona ke cewa a rage shuka, a bar 3 cikin gurbi, sati 2 zuwa 3 bayan ta tsiro.

Akwai kuma ɓarawo, ƙuduji. Yana manne wa saiwar hatsi yana shan ruwa da abinci. Ka tuge shi tun bai yi iri ba, don irinsa yana wuce shekara 10 cikin ƙasa bai mutu ba.

Gawo kuwa maƙwabcin kirki ne. Da damina yake zubar da ganye, saiwarsa tana sha can ƙasa da zurfi, ba ya cin rabon hatsi.

Nan Garhanga da sauran ƙasar Keita, ruwan sama yana gangarowa daga duwatsu ya wuce. Aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 ya jera duwatsu, ya dasa itatuwa don tare shi. Kai ma ka yi tassa, ka zuba taki. Ka ƙara ruwan rijiya, ka rage masu ja.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin saiwa?
2. Moɗa 12, tsiro 6: kowa nawa zai samu?