Yadda ake saita injin ƙyanƙyasar ƙwai a gida

Mai kiwo a Kudan ko Hunkuyi yakan sayo ƙaramin inji daga Zariya, ya zuba ƙwai hamsin, bayan mako uku ya kwashe 'yan tsaki goma da tarin bara-gurbi. Sai ya ce injin jabu ne. Sau da yawa kuwa saiti ne bai yi ba.

Da farko, nema wa injin ɗaki mai inuwa, nesa da taga. A bazara, ɗakin kwano marar silin yakan ɗauki zafin da ya wuce wanda ƙwai ke so, inji kuwa ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba.

Na biyu, kunna shi babu ƙwai, ya kwana ya yini. Kada ka yarda da lambar da ke fuskarsa sai ka gwada. Sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ka ajiye shi daidai tsayin ƙwai. Inji mai fanka digiri 37.5 ake so. In ka ga bambanci, gyara kaɗan, ka jira awa biyu kafin ka sake taɓawa.

Na uku, danshi: kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, sannan 65 zuwa 70. Faɗin ruwa ke kawo danshi, ba zurfinsa ba. Da hunturu ƙara faranti ko jiƙaƙƙen soso. A tsakiyar damina rage.

Na huɗu, zaɓi ƙwan da bai wuce mako ba, daga kajin da ke da zakara. Kada ka wanke. In da hannu kake juyawa, yi alama da fensir a gefe biyu, ka juya sau uku ko biyar kullum. Rana ta 18 ka daina, ka bar ƙofa a rufe. Kaza kwana 21 take, zabuwa 26 zuwa 28, don haka nata juyin sai kwana uku kafin lokacinta za a tsayar.

A rana ta bakwai, shiga duhu ka ɗora ƙwai a bakin tocila. Mai rai za ka ga ɗigo baƙi da jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo. Wanda ya yi tas, ko mai zoben jini, fitar da shi kafin ya fashe ya ɓata sauran.

In an ɗauke wuta, kada ka buɗe don dubawa. Lulluɓe da bargo, ka bar ramukan iska, ka koma batir ko sola. Sanyin 'yan awanni jinkiri yakan kawo. Zafi mai yawa shi ne mai kisa.

Ranar ƙyanƙyasa ƙwan da kansa zai faɗa maka laifin. In 'yan tsaki sun fito tun rana ta 19, zafi ya yi yawa. In sun kai 23, ya yi kaɗan. Ɗan tsakon da ya huda ɓawo ya maƙale, fatar ciki ta bushe a jikinsa, ƙarancin danshi ne ko yawan buɗe ƙofa. Wanda ya cika halitta ya mutu jiƙe bai huda ba, danshi ya yi yawa.

Fasa waɗanda ba su fito ba, ka rubuta abin da ka gani. A zubi na gaba abu ɗaya tak za ka canza, don ka san wanda ya yi maganin.